Farashin Rufin Asiri: Yadda Ayilan Ta Yi da 'Yan Matanta Masu Cikin Shege

A shekarar 2012 wata mata mai suna Catherine Corless, wadda ke bin diddigin tarihin garinsu don sha'awar kanta, ta wallafa maƙala a wata ƙaramar mujalla ta garin Tuam da ke yammacin Ayilan, tsibirin nan da ke maƙwabtaka da Ingila ta yamma. Maƙalar ta yi magana ne a kan wani gida da aka taɓa yi a garin, inda ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba da aure ba su haihu. Bayan ta wallafa, sai ta koma ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ta nemi takardar shaidar mutuwar duk yaron da ya rasu a gidan, tana biyan Yuro 4 daga aljihunta a kan kowace takarda. Da ta gama tattara sunayen, ta bi kundin maƙabartun yankin ɗaya bayan ɗaya. Yara 796 ne ba ta sami wata shaida ta inda aka binne su ba.

A watan Maris na 2017 kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya tabbatar da abin da take zargi. A ƙarƙashin filin da gidan yake a da, an sami wani gini mai ɗakuna 20 wanda alamu suka nuna na tara ƙazantar bahaya ne, kuma 17 daga cikin ɗakunan ɗauke suke da ƙasusuwan yara, tun daga bakwaini har zuwa 'yan shekara biyu da uku.

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin duka a kan cocin Katolika da sistocinta, wato matan da suka bar aure suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar coci, waɗanda su ne ke gudanar da gidan. Suna da nasu kason, kuma babba ne. Amma babu yarinyar da sistoci suka shiga ɗakin uwarta suka sato. Kawo su ake yi, sau da yawa da dare, kuma mai rakiyar uba ne, ko ɗan'uwa, ko limamin cocin unguwa. Wanda ke son ya fahimci Tuam sai ya fara daga gidan manomin da yarinyar ta fito.

Gona, gado da aure

Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta afka wa dankalin Turawa, abincin da talakawan Ayilan suka dogara da shi. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura. Kafin wannan yunwa, manomi kan yanka gonarsa ya raba wa 'ya'yansa maza, kowa ya yi aure da wuri ya ciyar da iyalinsa da ɗan abin da ya samu. Waɗanda suka tsira sun ɗauki darasi mai ɗaci: gonar da aka yayyanka ba ta ceton kowa ranar fari. Daga nan al'ada ta koma ɗa guda ne ke gadon gona dungurungum, kuma ba ya samun ta sai uban ya tsufa ya sakar masa.

Wannan ya sauya aure gaba ɗaya. Magajin gona ba ya aure sai ya karɓi gona. Amaryarsa kuwa dole ta zo da dukiya daga gidansu, kuɗi ko shanu, gwargwadon girman gonar da za ta shiga. Dukiyar nan ba ta zama hannun ango. Da ita ake aurar da ƙanwarsa zuwa wata gonar, ko a biya wa ƙannensa kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka. Aure ya zama ciniki tsakanin gidaje biyu, da 'yan tsakani da zagayen duba gona da ƙidayar dabbobi. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Conrad Arensberg da Solon Kimball, da suka zauna a yankin Clare a farkon shekarun 1930, sun tarar da magidanta a shekaru, 'yan arba'in da ɗoriya, ana ce musu “yaro” saboda har lokacin suna ƙarƙashin ubanninsu ba su yi aure ba. Ƙidayar 1926 ta nuna kusan mace ɗaya cikin huɗu ta haura shekara 45 ba ta taɓa aure ba.

A irin wannan tsari, sunan gida jari ne kamar shanun da ke garke. Idan 'ya ta yi ciki, aurenta ya tafi, na 'yan'uwanta mata ya shiga garari, ɗan'uwanta mai jiran amarya da dukiya shi ma darajarsa ta faɗi a kasuwa, wanda ke karatun zama limamin coci kuma sunan gidansu ya sami tabo. Ga kuma jariri da babu gurbinsa a lissafin gado. Wa'azin coci a kan tsarkin mace ya sami ƙasa mai dausayi ne saboda ya dace da buƙatar manomi. Haihuwa ba da aure ba ta kasance kaɗan, kusan kashi 3 cikin 100 na dukan haihuwa a shekarun 1920 da 1930, kuma ƙarancin nan ya ƙara wa wadda abin ya faɗa wa nauyin kunya, domin ita kaɗai ake nunawa a ƙauye.

Hanyoyin da ke gaban yarinya

Hanya ta farko, wadda kowa ya fi so, ita ce a ɗaura aure cikin gaggawa kafin ciki ya fito. Wannan na yiwuwa idan saurayin sa'anta ne kuma gidajen biyu sun yi daidai a arziki. Dokar 1931 ma ta tanadi cewa yaron da iyayensa suka yi aure bayan haihuwarsa ya zama halattacce. Sai dai da yawa daga cikin 'yan matan 'yan aikin gida ne ko 'ya'yan 'yan ƙwadago, wanda ya yi musu cikin kuma ɗan maigida ne, ko mai aure, ko ma muharrami. Irin waɗannan babu zancen aure.

Ta biyu ita ce jirgin ruwa zuwa Ingila. Yarinya ta ce ta sami aiki a Landan ko Libaful, ta je ta haihu inda ba a san ta ba, ta ba da jaririn. Yawansu ya kai ga ma'aikatan jin ƙai na Ingila sun ware musu lakabi na musamman a takardunsu, har aka yi wani shiri tsakanin hukumomi da ƙungiyoyin Katolika na maido su gida Ayilan.

Ta uku ita ce mafi muni. Kundin kotunan ƙasar na rabin farkon ƙarni na 20 cike yake da shari'o'in 'yan matan da suka ɓoye ciki wata tara, suka haihu su kaɗai a bayan gida ko a rumbu, daga baya aka tsinci gawar jaririn a kwazazzabo ko ƙarƙashin gado. A wasu shari'o'in uwar yarinyar ko yayarta na cikin waɗanda ake tuhuma. An riƙa yanke hukuncin kisa ana sassautawa, har majalisa ta yi dokar 1949 wadda ta raba wannan laifi da kisan kai na gama-gari.

Akwai gidajen da suka riƙe 'yarsu da jikansu, musamman talakawan da ba su da gonar da za su kare. Wani lokaci kaka kan ce ita ta haifi jaririn, ya tashi yana ce wa mahaifiyarsa yaya. Amma ga dubban iyalai, hanya ta huɗu aka bi: gidan uwa da jariri.

A bayan katanga

Ayilan ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1922, ta gaji gidajen gajiyayyu na zamanin mulkin Ingila, inda ake haɗa tsofaffi da masu taɓin hankali da masu cikin shege wuri guda. Sabuwar gwamnati, wadda ba ta da kuɗi kuma take girmama coci ƙwarai, ta miƙa aikin ga ƙungiyoyin sistoci. Wani kwamitin gwamnati a 1927 ya kasa 'yan matan kashi biyu, da harshen da ake yi wa ɓarayi: masu laifin farko, waɗanda ake sa ran za su shiryu, da waɗanda suka maimaita. Ba su karya wata dokar ƙasa ba, babu alƙalin da ya yanke musu hukunci, amma da sunan masu laifi aka karɓe su.

Gidan Tuam tsohon gidan gajiyayyu ne na zamanin yunwa. Ginin mallakar ƙaramar hukumar Galway ne, ita ke biyan kuɗi a kan kowace uwa da kowane yaro, sistocin ƙungiyar Bon Secours kuma suka gudanar da shi daga 1925 zuwa 1961. Uwa kan zauna kimanin shekara guda bayan haihuwa, tana shayarwa tana aikin wanki da shara da girki ba albashi, sannan a sallame ta ba tare da ɗanta ba. A wasu gidajen zaman kan kai shekara biyu ko uku, kuma akan sauya wa yarinya suna ranar da ta shigo, a hana ta faɗa wa sauran daga inda ta fito. Wannan ɓoyo shi ne hajar da iyali ke nema. Wasu 'yan matan daga nan ake wucewa da su gidajen wanki na Magdalene, inda mata kimanin 10,000 suka shiga tsakanin 1922 da 1996 saboda dalilai iri-iri. Mabiya ɗariƙar Furotesta ma suna da nasu gidan a Dublin, mai suna Bethany, kuma can ma yara sun mutu da yawa.

Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, ƙarƙashin mai shari'a Yvonne Murphy, ya fito ranar 12 ga Janairu, 2021. Ya duba gidaje 18 tsakanin 1922 da 1998. Iyaye mata kimanin 56,000 suka ratsa ta cikinsu, da yara kimanin 57,000. Mafi ƙanƙantar iyayen 'yan shekara 12 ne, kuma fiye da 5,600 ba su kai shekara 18 ba. Yara kusan 9,000 suka mutu, wato kashi 15 cikin 100. A gidan Bessborough da ke Cork, a shekarar 1943, cikin kowane jarirai huɗu da aka haifa uku sun mutu. Yara 923 ne suka rasu da alaƙa da wannan gida shi kaɗai, kuma kabarin 64 kawai kwamitin ya iya ganowa. Abin da aka rubuta a takardun mutuwar Tuam cututtukan cunkoso ne da rashin kulawa: gudawa, ƙyanda, tarin fuka, sanƙarau, tamowa.

Alƙaluman nan ba a ɓoye suke ba. Rahotannin shekara-shekara na ma'aikatar da ke kula da lafiya suna ɗauke da su, masu duba gidajen na rubuta ƙorafi. A tsakiyar shekarun 1940 babban likitan gwamnati, James Deeny, ya je Bessborough da kansa, ya sa aka kwance wa jariran ƙunzugu, ya ga ƙuraje da gudawar da aka lulluɓe, ya rufe gidan na ɗan lokaci ya sa aka cire shugabarsa, mace-macen kuma suka ragu nan take. Abin da mutum ɗaya ya yi a ziyara guda ya nuna cewa maganin ba ya da wuya. Mai neman a yi shi ne babu. Uwa a kulle take, dangi sun ɗauka yaron bai taɓa zuwa duniya ba, gari kuma bai son a tuna masa.

Ina uban yaron?

Yara 57,000 suna da ubanni, amma da ƙyar ake ganin inuwarsu a kundin tarihi. Dokar 1930 ta ba uwa damar kai uban ɗanta kotu don ya biya kuɗin ciyarwa, da sharaɗin ta kawo wata shaida da za ta ƙarfafa maganarta. Abin da ya faru tsakanin mutum biyu a ɓoye ba kasafai yake da shaida ba, kuma zuwa kotu tonon asirin da aka kai ta gidan don a rufe ne. Kaɗan ne suka gwada. Jikin mace na ba da shaida a kanta, na namiji ba ya cewa komai. Saurayin kan tsallaka Ingila na ɗan lokaci, ko ya zauna abinsa, ya gaji gona, ya auri wata mai dukiya, ya zama dattijon coci.

Kwamitin Murphy ya ce alhakin muguwar mu'amalar ya fi rataya a wuyan ubannin yaran da iyalan 'yan matan, tare da goyon baya da amincewar gwamnati da coci. Waɗanda suka rayu a gidajen sun ji zafin wannan hukunci, suna ganin an sassauta wa masu iko, kuma an yi watsi da shaidarsu ta cewa tilasta musu aka yi su rabu da 'ya'yansu. A ƙarshen 2021 gwamnati ta amsa a gaban babbar kotu cewa kwamitin ya tauye haƙƙin wasunsu, da bai nuna musu daftarin rahoton ba kafin a wallafa. Gaskiyar ita ce ɓangarorin uku sun jingina da juna ne kamar duwatsun murhu. Uba ya kori 'yarsa don tsoron bakin gari, bakin gari ya sami ƙarfi daga mumbarin coci, gwamnati kuma ta biya kuɗin katangar ta ƙi ba uwar ko kwabo da za ta riƙe ɗanta a waje.

Waɗanda suka rayu

Yaran Tuam da suka kai shekarun makaranta suna zuwa aji ɗaya da 'ya'yan gari, amma a gefe ake zaunar da su, kuma malama kan yi wa mai ƙiriniya barazanar za ta zaunar da shi kusa da ɗan gidan sistoci. Daga baya akan ba da su riƙo ga manoma, inda wasu suka sami kulawa, wasu kuma suka zama bayin gona. A dokar ƙasa, ɗan da aka haifa ba da aure ba bai da gadon ubansa. A dokar coci ta 1917, ba ya zama limami sai da izini na musamman.

Dokar 1952 ta halatta mallaka wa wasu ma'aurata yaro har abada, a sauya masa suna, a rufe takardunsa na asali. Zuwa 1967, kusan kashi 97 cikin 100 na yaran da aka haifa ba da aure ba ta wannan hanya suka tafi. Kwamitin ya ƙirga yara 1,638 da aka fitar ƙasashen waje, 1,427 daga ciki zuwa Amurka. Labarin da ya fi shahara shi ne na Philomena Lee, wadda ta haihu a gidan Sean Ross da ke Roscrea a 1952, ta reni ɗanta shekara uku, aka tafi da shi Amurka a 1955. Ya girma da sunan Michael Hess, ya zama babban lauyan jam'iyyar Republican. Ya dawo gidan sau biyu yana neman mahaifiyarsa, ita ma tana neman sa, ba a haɗa su ba. Ya mutu a 1995, aka binne tokarsa a harabar gidan bisa wasiyyarsa, da fatan wata rana za ta zo ta gan shi. A can ta same shi.

Abin da ya rushe katangar

A 1972 wata mata mai suna Maura O'Dea, wadda ta ƙi ba da 'yarta, ta haɗa wasu irinta suka kafa ƙungiya mai suna Cherish. Shugabarta ta farko ita ce lauya Mary Robinson, wadda ta zama shugabar ƙasa a 1990. Buƙatarsu ta farko kuɗin ciyarwa ce. A 1973 gwamnati ta fara biyan alawus na mako-mako ga uwar da ba ta da aure. Kuɗin ba su da yawa, amma a karon farko mace na iya fita daga asibiti da jaririnta ta kama hayar ɗaki ko da ubanta ya rufe mata ƙofa. Daga nan yawan yaran da ake bayarwa ya fara raguwa. Wannan ya bayyana wani abu da aka daɗe ana rufewa: yawancin iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suka yi ba, abin ciyar da su ne ba su da shi.

Kunya ta fi doka jinkirin tafiya. Ranar 31 ga Janairu, 1984, a garin Granard, wata ɗaliba 'yar shekara 15, Ann Lovett, ta haihu ita kaɗai cikin ruwan sama a gindin mutum-mutumin Maryam da ke bayan coci. Jaririn ya mutu, ita ma ta rasu a ranar. Bayan haka mata da yawa suka aika wasiƙu ga shirin rediyon Gay Byrne suna ba da labarin cikin da suka ɓoye shekaru aru-aru, aka karanta su ƙasa na saurare. A 1987 majalisa ta soke bambancin ɗan halak da shege a dokar ƙasa, har da gado. Gidan wanki na ƙarshe ya rufe a 1996. Firaminista Enda Kenny ya nemi gafarar matan gidajen wanki a 2013, Firaminista Micheál Martin kuma ya nemi ta iyaye da yaran gidajen haihuwa ranar 13 ga Janairu, 2021. A 2022 aka ba waɗanda aka yi riƙonsu damar ganin takardun haihuwarsu na asali, kuma a watan Yulin 2025 aka fara haƙa filin Tuam don a ciro ƙasusuwan, a gane waɗanda za a iya ganewa ta gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, a yi musu kabari.

A shekarar 2022 fiye da kashi 40 cikin 100 na haihuwa a Ayilan ba a cikin aure aka yi ta ba, kuma mai karatu na iya cewa ai ga inda sassauci ya kai su. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ta addini da tarbiyya, kuma kowace al'umma na da ikon tsayawa a kan abin da ta yi imani da shi. Tarihin Tuam ya amsa wata tambaya ce daban: idan al'umma ta ƙi wani aiki, a kan wa take sauke fushinta? Ayilan ta shekarun 1920 zuwa 1970 ta sauke nata a kan yarinya, wadda wani lokaci fyaɗe aka yi mata, da kuma jaririn da bai aikata komai ba, ta bar namijin da gonarsa da sunansa. Kalmomin da iyayen can suka yi amfani da su, na zubar da mutuncin gida da abin da mutane za su ce, ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe, haka ma labarin jaririn da aka tsinta a kwata da asuba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma namu tudun babu wanda ya zauna ya ƙirga sunayen da ke ƙarƙashinsa tukuna.